Iya Ruwa Fid Da Kai

A cikin watan Mayu na shekarar 2024 aka ba da wani labari daga fadar Shugaban Ƙasa a Abuja, wanda a ganinmu ya isa a buga masa tambari, amma sai ya wuce shiru kamar an shuka dusa. An ce Nijeriya ta sami ƙarin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 16,300, watau kusan kashi huɗu cikin biyar na faɗin Jihar Kano, ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba, ba kuwa tare da an taɓa ko taƙi guda na iyakar maƙwabci ba. Dalilin da ya sa labarin bai yi amo ba shi ne, ƙasar nan ba ta nomuwa, ba ta kuma yankuwa filoti-filoti a raba wa manya. Tana kwance ne a ƙarƙashin Tekun Atlantika, can nesa da gaɓa, inda ruwa ya yi zurfin da hasken rana ba ya kaiwa. To, mu dai a wannan mujalla mun ga ya kamata mu tsaya a kan wannan labari saboda tambayar da ke bayansa, wadda ta shafi kowane ɗalibin kimiyya kai tsaye: su wa suka auno ƙasar nan, a ina suka koyi awon, kuma wa ake koya wa yau wanda zai gaje su?

Bari mu fara da yadda abin yake. A shekarar 1982 ƙasashen duniya suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya a garin Montego Bay na ƙasar Jamaika, Nijeriya kuwa ta tabbatar da amincewarta a 1986. Yarjejeniyar ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon arzikin da ke cikin ruwa da ƙarƙashinsa har tsawon mil 200 na awon matuƙan jirgi, kimanin kilomita 370 ke nan. Amma sashe na 76 ya buɗe wata ƙofa. Ƙasa ba ta ƙarewa a inda igiyar ruwa ke bugun rairayi. Takan ci gaba a ƙarƙashin ruwa kamar dakalin ƙofar gida, sa'an nan ta yi gangare, kafin a kai ga ainihin gindin teku. In wata ƙasa ta iya nuna cewa dakalinta ya zarce mil 200, to tana da ikon abin da ke ƙasan teku a wannan ƙarin, ko mai ne, ko iskar gas, ko ma'adinai. Sai dai ba da fatar baki ake nunawar ba. Dole a gano daidai inda gangaren ya ƙare, a auna zurfin ruwa layi bayan layi, a aika da amo cikin ƙasan teku a saurari yadda yake dawowa domin a san kaurin lakar da ta taru a can, gama ɗaya daga cikin ƙa'idojin ta ce kaurin lakar nan kada ya gaza kashi ɗaya cikin ɗari na nisan wurin daga gindin gangaren. Sa'an nan a ɗauki wannan duka a kai New York gaban wani kwamiti na masana 21, waɗanda ba su jin roƙo, ba su kuma san wani wai shi babban mutum ba, sai alkaluma.

Nijeriya ta miƙa takardunta a 2009, ta yi musu gyara a 2016, ba ta sami amsa ba sai a 2023. Cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki har da Farfesa Lawrence Awosika, masanin duwatsu da ƙasan teku, wanda ya yi shekaru yana aiki a Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Ikko, wanda kuma aka zaɓa cikin wancan kwamiti na New York tun kafa shi a 1997, har ya shugabance shi daga baya. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya tsaya wa ƙasa a 2023, tun shekarun 1970 da 1980 aka fara gina shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa haka ne, wanda zai tsaya mana nan da shekara talatin, sa'ad da za a zauna gardama a kan haƙar ma'adinai a gindin teku ko rabon kifi tsakaninmu da maƙwabta, yanzu haka yana zaune a wani aji yana kwafar abin da aka rubuta a allo. Shi ne abin damuwarmu, domin yadda muka ga ana renonsa, zai iya fita da digiri na ilmin teku alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka jirgin bincike ba.

Mun san wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Mu da ke Arewa, tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita dubu ce, me ya haɗa mu da wannan magana? Amsar tana sama, a cikin hadarin da manomi ke ɗaga kai yana duba. Sa'ad da bazara ta gasa hamada, iska mai danshi takan taso daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ta ture busasshiyar iskar arewa, ta hauro sannu a hankali har ta iso Zariya da Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Ita ce damina. Nisan da za ta hauro kuwa, da yawan ruwan da za ta ɗauko, suna da alaƙa da ɗumin saman teku: sau da yawa in ruwan Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, sai ruwan sama ya yi zamansa a kudu, mu kuwa mu yi ta kallon gabas. Iyayenmu da kakanninmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A wancan zamani masana da yawa sun ɗora laifin a kan makiyayi da manomi, wai su suka cinye ciyawa suka sare itatuwa har sama ta ƙi zubar da ruwa. Sai a 1986 wasu masana na ofishin duba yanayi na Ingila, Folland da abokan aikinsa, suka nuna cewa ƙarancin ruwan sama a yankin Sahel yana tafiya ne tare da sauyin ɗumin tekunan duniya, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta a Amurka suka ƙarfafa wannan da lissafin kwamfuta. Ba wanda ya ce sare itace ba shi da illa, amma dai ma'aunin zafin da wani ya zura cikin teku shi ya sauke wa Bafillatanin daji mafi nauyin kayan da aka aza masa. Har yau hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda da shi ake ba manoma shawarar lokacin shuka, yana dogara ne ƙwarai a kan halin da ruwan teku ke ciki, har da na Tekun Pasifik da ke can wancan gefen duniya.

Daɗin daɗawa, lakar nan da ake auna kaurinta, wani ɓangare nata tamu ce. Gulbin Rima da na Sakkwato da Kogin Kaduna da na Gongola duk cikin Kwara da Binuwai suke zubawa, su kuwa shekara da shekaru suna kwasar ƙasar Arewa suna jibgewa a bakin teku.

To, mene ne aikin masanin teku, har muke cewa allo bai isa ba? A ɗauki aiki mafi sauƙi, watau sanin zafin ruwa da yawan gishirinsa daga sama zuwa ƙasa. A littafi layi biyu ne: ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo, kuma zafi yana raguwa in ana nitsawa. A kan jirgi kuwa, akwai wata na'ura da aka kewaye da dogayen kwalabe a cikin keji na ƙarfe, wadda ƙarti biyu ba su ɗaga ta, ana zura ta da igiyar ƙarfe har zurfin mita dubu biyu ko fiye, jirgi yana tangaɗi, sau da yawa da tsakar dare, domin jirgin bincike ba ya barci, karɓa-karɓa ake yi. Wani yana riƙe da injin zare igiya, wani yana gaban kwamfuta yana duban layin da ke zanuwa, yana ba da umurni a rufe kwalba kaza a zurfi kaza. In ya yi sakaci na'urar ta bugi ƙasa, an yi hasarar kuɗin da zai gina ajujuwa. In ta fito lafiya, akwai jerin yadda ake ɗiban ruwan: na awon iskar oksijin yana cikin na farko, kuma in ƙwayar kumfa guda ta shiga kwalbar, awon ya ɓaci. Sa'an nan ita kanta na'urar tana ƙarya in an daɗe ba a daidaita ta ba, kamar sikelin mahauci, sai an riƙa gwada abin da ta faɗa da ruwan da aka auna a ɗakin gwaji. Duk wannan ana yinsa ne ciki yana juyawa, kai yana jiri. Haka wanda aikinsa ƙidayar kifi ne: sai ya iya fasa kan kifi ya ciro ɗan dutsen da ke cikin kunnensa, ya ƙirga zobban da ke jikinsa ya san shekarun kifin, domin da wannan ake gane ko ana kama kifi fiye da yadda yake hayayyafa. Ba wanda ya taɓa iya waɗannan ayyuka da jin labari.

Ba za a ce ba mu da makarantu ba. An kafa Cibiyar Binciken Teku tun 1975, kusa da ita a Tsibirin Victoria akwai Kwalejin Tarayya ta Kamun Kifi da Fasahar Teku. Jami'ar Legas da ta Kalaba da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure duk suna koyar da wannan fanni. A watan Agusta na 2023 ma aka ƙirƙiro ma'aikata sukutum ta harkokin teku da arzikin ruwa. Allunan suna dai ba su yi mana kaɗan ba. Amma wani abokinmu da ke karatun ilmin teku a wata jami'a ta kudu, da muka haɗu a hutun da ya wuce, ya ce cikin shekara uku sau ɗaya ajinsu ya hau ruwa, shi ma a kwalekwalen haya ne cikin wani tafki na bakin gaɓa, su fiye da talatin, na'ura ɗaya, ita ma malam ne ya riƙe ta don kada ta faɗa ruwa. Ya ce zai iya zana mana waccan na'ura mai kwalabe da ka, ya sa wa kowane sashe sunansa, gama ta fito a jarrabawa har sau biyu, amma bai taɓa ganinta ido da ido ba. Ba mu ga laifin malamin ba ko kaɗan. Wanda aka ba na'ura ɗaya ya san in ta nitse ba za a sayo masa wata ba.

Gaskiya ne ilmin teku yana da tsada, gama jirgi yana shan mai, ma'aikatansa suna cin abinci, gishiri kuma yana cin ƙarfe ko ana aiki ko ba a yi. Ko a duniya ma ba a sakin hannu: rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2020 ya nuna cewa, in an daidaita, kashi 1.7 cikin ɗari ne kawai na kuɗin bincike ƙasashe ke ba nazarin teku. Saboda haka ne ƙasashen Afirka ta Yamma suka daɗe suna rataye a jikin jiragen baƙi. Tun 1975 ƙasar Norway, tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take yawo da jirgin bincike mai suna Dr Fridtjof Nansen, yana ƙidaya kifi a gaɓar ƙasashe masu tasowa, yana kuma ɗaukar masanan ƙasashen da ya ziyarta su yi aiki a cikinsa. Tun 1997 kuma Faransa da Birazil da Amurka suka ɗaure na'urori masu shawagi a tsakiyar Atlantika, har da Mashigin Gini, suna auna ɗumin ruwa da iska dare da rana. Muna godiya, kuma ba mu ce a ƙi hawa ba. Amma baƙo a jirgin wani ba ya zaɓen inda za a tsaya, ba ya tsara tambayar da za a bincika, ba ya kuma koyon yadda ake jagorantar tafiya daga tashi har sauka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

An ga ranar wannan guntun gatari a farkon 2020, sa'ad da matattun kifaye suka yi ta fitowa gaɓa tuli-tuli a jihohin Delta da Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom. Makonni suka shuɗe kafin hukuma ta fito ta ce ba malalar mai ce ta kashe su ba, masunta da yawa kuwa ba su gamsu ba. A irin wannan al'amari awoyin farko su ne kome, domin ruwan da ya kashe kifi ba ya tsayawa jiran kwamiti. In ba a ɗebi ruwa da naman kifi nan take an adana su yadda ya kamata ba, shaida ta bi igiya, sai a bar mutane da zato da zargi. Abin da ake bukata a ranar shi ne mutane a kowace jiha ta gaɓa waɗanda hannunsu ya saba da aikin, da kwalabe da ƙanƙara a ajiye, da kwalekwale mai mai a ciki.

Wasu sun riga sun nuna hanya, kuma a nan nahiyarmu. Afirka ta Kudu tana da babban jirgin bincike mai suna SA Agulhas II, wanda ainihin aikinsa kai kaya da masana ne zuwa yankin ƙanƙara na kudancin duniya. Tun 2016, bisa ƙoƙarin Farfesa Isabelle Ansorge ta Jami'ar Cape Town, suka fara mai da shi aji na kwana goma da 'yan kai, a ɗebo ɗalibai kimanin 40 daga jami'o'in ƙasar, har da waɗanda ke can tudu nesa da teku kamar mu, a yi musu lacca a ciki, su kuma fita saman jirgi su zura na'ura, su ja taru, su tace ruwa, su yi tsaron dare tare da ƙwararru. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin, wadda gaɓarta ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na tamu mai kimanin kilomita 850 ba, tun 2008 take da kwas na digiri na biyu a kimiyyar motsin teku a Kwatano, tare da haɗin gwiwar Faransa, ɗalibai daga ƙasashen yankin suna zuwa. A garin Mindelo na tsibiran Cabo Verde kuma akwai wani kwas ɗin da Jamus ke tallafawa, wanda ake kai ɗalibansa su yi makonni a cikin jiragen binciken Jamus.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. A 2014 Cibiyar Binciken Teku ta karɓi jirgin bincike mai suna Bayagbona, wanda aka ƙera a ƙasar Poland, a 2021 kuma rundunar sojan ruwa ta karɓi jirgin awon ƙasan teku mai suna Lana daga Faransa. Abin da muke kira a kai shi ne Gwamnatin Tarayya ta keɓe kwanaki sanannu a kowace shekara, a rubuce cikin kasafin kuɗi da kuɗin mansu da na abincinsu, waɗanda jiragen gwamnati za su ɗauki ɗalibai, a kuma raba gurabun ta hanyar gasa a buɗe ga dukan jami'o'in ƙasa, kada ya zama sai wanda ya san wani. Asusun TETFund da ke gina mana manyan ɗakunan lacca yana iya ɗaukar wannan nauyi, domin a wannan fanni jirgi shi ne ɗakin gwaji. Sa'an nan Hukumar Kula da Jami'o'i ta sa doka cewa ba wanda za a ba digirin ilmin teku sai ya nuna littafin aikinsa na kan ruwa, mai ɗauke da kwanakin da ya yi da ayyukan da ya taɓa da hannunsa, da sa hannun wanda ya duba shi. Watannin koyon aiki na shirin SIWES, waɗanda wasunmu ke ƙarewa suna ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, su ne suka fi dacewa da wannan.

Jami'o'inmu na Arewa kuwa kada su naɗe hannu su ce ba su da teku. Rabin wannan sana'a ana iya koyonsa a ruwan daɗi. Tafkin Kainji da na Shiroro da Tiga da Goronyo sun isa a koya wa ɗalibi yadda ake auna zurfi da amo, da ɗiban ruwa daga zurfi daban-daban, da ciro laka daga ƙasa, da tuƙa ƙaramin jirgi, da iyo da ceton wanda ya faɗa ruwa, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa. Sarkawan Yawuri da na Argungu suna karanta fuskar ruwa tun kafin a gina jami'a ta farko a ƙasar nan, ba kuwa abin kunya ba ne mai digiri ya zauna gabansu ya ɗauki karatu. Ɗaya rabin kuma lissafi ne da kwamfuta. Yau akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya, kowace tana nitsawa mita 2,000 ta taso bayan kwana goma ta aiko da awonta ta tauraron ɗan Adam, kuma duk wanda ke da intanet yana iya sauke wannan awo kyauta, ko a Ikko yake ko a Sakkwato. Abin da ke hana mu amfani da shi shi ne rashin wanda zai koya mana rubuta umurnin kwamfuta da lissafin alkaluma tun muna aji biyu. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Jami'o'i ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Ga wurin da za a sa waɗannan darussa, a sashen Fizis da na Lissafi da na Labarin Ƙasa da na Nazarin Halittu.

Akwai kuma waɗanda kullum ake mantawa da su in ana wannan magana, watau ma'aikatan fasaha, masu haɗa waya, da gyara na'ura, da daidaita ta, da kula da injin igiya. Farfesa goma ba su yin aikin kwana ɗaya a teku in babu irin wannan mutum guda. Amma a ƙasar nan mun raina mai difloma, mun toshe masa hanyar ci gaba a aikin gwamnati, sa'an nan muna mamaki in muka ga na'ura mai tsada a kulle cikin kwali saboda wani ɗan abu da ya ƙone a cikinta. Duk kwangilar sayen na'ura ya kamata ta haɗa da horar da mutum biyu da za su riƙa buɗe cikinta, da kayan gyara na 'yan shekaru. Malamanmu su ma suna bukatar a riƙa sabunta musu hannu, gama wanda rabonsa da jirgi tun yana karatun digirinsa na uku a ƙasar waje, abin da zai koyar shi ne na wancan zamani. Kuma in an horar da mutum, a ba shi aiki da albashin da zai zauna. In ba haka ba, mu ne da shuka, kamfanonin mai da jami'o'in Turai su ne da girbi, ba kuwa za mu zargi wanda ya tafi ba.

Mu ɗalibai ma da namu laifin. Da yawanmu muna zaɓen kwas ne da tunanin ofis mai sanyi, in an ambaci ruwa kuwa sai mu tuna da gargaɗin iyaye tun muna yara cewa kada a kusanci rafi. Tsoron nan yana da dalili, domin kowace damina muna jin kifewar jiragen kwalekwale a Kwara da rassanta, ana hasarar rayuka da yawa. Amma maganinsa rigar ceto ce da koyon iyo da sanin ƙa'ida. 'Yan'uwanmu mata kuma kada wani ya gaya musu wannan aikin maza ne, ga sunayen mata biyu nan mun ambata a sama, ɗaya ta bayyana mana asalin farin da ya cinye garkunan kakanninmu, ɗaya kuma ta mai da jirgi makaranta.

Kwamitin wannan mujalla ya shawarta zai kai wa Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai takarda a zamanta mai zuwa, domin ta nemi abu biyu daga hukumar jami'a: a shirya fita aikin ruwa na mako guda a madatsar ruwa mafi kusa ga ɗaliban kimiyya na aji uku, kuma a rubuta wa Cibiyar Binciken Teku da rundunar sojan ruwa a nemi gurabun koyon aiki ga ɗalibanmu. Duk wanda ke son sunansa ya shiga jerin farko, ya kawo shi ofishin ƙungiya tare da sashensa da ajinsa, ya kuma faɗi gaskiya ko ya iya iyo ko bai iya ba. Amsar da aka ba mu za mu buga ta a fitowa ta gaba yadda ta zo, in kuwa ba a ba mu amsa ba, shi ma za mu faɗa.